Zoben wuta: ɗan ƙaramin ƙarfen da ke iya hana jirgin yaƙi isa Anka, Gummi da Bukkuyum

Daga ranar 4 zuwa 6 ga Janairun 2022, 'yan bindiga a kan babura sun yi ta bin ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ɗaya bayan ɗaya, suna harbi suna cinna wa gidaje wuta. Gwamnatin Zamfara ta ce mutum 58 aka kashe. Mazauna yankin sun ce sun kai 200, daga baya kuma Ma'aikatar Jinƙai ta tarayya ta ce an binne fiye da 200, sama da mutum dubu 10 kuma sun rasa matsuguni.

Harin ya zo ne jim kaɗan bayan jiragen soja sun yi luguden wuta a dajin Gusami, inda rundunar ta ce ta kashe 'yan bindiga fiye da 100. Wato jirgi ya tashi ranar Litinin ya yi aikinsa, amma kashe-kashen da suka biyo baya sun ɗauki kwana uku.

A nan matsalar take. Kai hari sau ɗaya abu ne da kowace rundunar sama za ta iya shiryawa. Abin da ke kare ƙauye shi ne a samu jirgin da zai tashi yau, ya tashi gobe, ya sake tashi jibi da tsakar dare, kuma duk lokacin da ya isa ya iya gani da kyau. Wannan kuwa ya dogara ne a kan wasu ƙananan kayayyaki da ba a taɓa jin sunansu a bikin ƙaddamar da jirage. Ɗaya daga cikinsu shi ne zoben da ke kai wutar lantarki ga sassan jirgi masu juyawa.

Me ya sa jirgi mai saukar ungulu ke da muhimmanci a yammacin Zamfara?

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Mayanchi ta bi Anka da Daki Takwas zuwa Gummi ya san ba hanyar gaggawa ba ce. Da zarar an sauka daga kwalta an nufi Bagega, ko Gwashi, ko Adabka, sai a shiga hanyoyin da babur ya fi mota iko da su. Da damina rafuka kan cika su yanke ƙauyuka na kwanaki. Dazuzzuka irin su Gando sun ratsa iyakokin ƙananan hukumomi, yankin kuma ya jingina da jihohin Kebbi da Sokoto, abin da ke ba maharan damar shiga ta nan su ɓulla ta can.

Ta sama lissafin daban ne. Anka ba ta kai kilomita 100 daga Gusau ba idan aka miƙe, Gummi kuma ba ta kai 200 ba. Jirgin da ke gudun kilomita 250 a sa'a zai isa kowane lungu na waɗannan ƙananan hukumomi uku cikin ƙasa da sa'a guda. Yana iya tsayawa cak a sama ya duba, ya sauke dakaru inda babu filin jirgi, ya kwashe waɗanda suka ji rauni.

Saboda haka ne kusan kowane shirin tsaro da aka yi wa yankin yake da ɓangaren sama: Diran Mikiya a 2018, sannan Hadarin Daji, sannan Fansan Yamma da aka kafa a 2024 mai hedikwata a Gusau. A watan Agustan 2025 ma rahotanni sun ce an kashe 'yan bindiga sama da 100 a wani farmaki ta sama da ƙasa a dajin Makakkari da ke Bukkuyum.

Jirage nawa aka saya, nawa ke iya tashi?

Najeriya ta kashe maƙudan kuɗi a kan jirage masu saukar ungulu. Akwai Mi-35 da Mi-17 na Rasha, da Agusta 109 na Italiya, da Bell 412. An yi odar T-129 guda shida daga Turkiyya, aka ƙaddamar da biyun farko a Makurdi a watan Fabrairun 2024. A watan Afrilun 2022 Amurka ta amince a sayar wa Najeriya AH-1Z guda 12 tare da makamai da kayan aikinsu a kan dala miliyan 997.

Waɗannan alƙaluman ne ake yawan ji. Amma masu kula da jirage wani lissafi suke yi: cikin jiragen da ake da su, kashi nawa ne za su iya tashi da safiyar yau? A zamanin Air Marshal Sadique Abubakar, wanda ya jagoranci rundunar daga 2015 zuwa farkon 2021, rundunar ta ce ta ɗaga wannan adadi daga kimanin kashi 35 cikin 100 zuwa sama da kashi 80.

Ma'anar adadin farko ita ce, a 2015 cikin kowane jirgi uku biyu suna ƙasa. Jirgin da ke zaune a rumfa ba lallai ne injinsa ya buga ba. Sau da yawa abu ne da ake iya riƙewa da hannu ɗaya ake jira ya iso daga wata ƙasa.

Mene ne zoben wuta?

A ɗauki misalin fankar sama. Da a ce ana so a kunna ƙwan fitila a bakin kowane reshe na fankar, ba za a iya jan wayar wuta daga bango a ɗaura masa ba, domin juyi kaɗan za ta yi wayar ta nannaɗe ta tsinke.

Maganin da injiniyoyi suka samo tun ƙarni na 19 shi ne a sa zoben ƙarfe a jikin sandar da ke juyawa, sannan a kafa wani ɗan guntun abu mai ɗaukar wuta a ɓangaren da ba ya motsi, sifirin yana danna shi a kan zoben. Zobe na juyawa, guntun na gogarsa, wuta na wucewa. Wannan guntu shi ne burushi, wanda kanikawa da yawa ke kira kabon.

Mai gyaran janareta a kasuwar Gummi ya san shi. Idan ƙaramin janareta yana ƙara lafiya lau amma ba ya kawo wuta, cikin abubuwan farko da zai duba akwai kabon. Haka ma mai gyaran wutar mota idan batir ya daina caji. Babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ke zagaye majiyyaci a manyan asibitoci ita ma da irin wannan zobe take aiki.

Bambancin shi ne, janareta idan ya ɗauke wuta sai a kunna tocila. Jirgin yaƙi kuwa yana sama, da dare, ana iya harbinsa daga ƙasa.

A ina yake a jikin jirgi?

Wuri na farko shi ne kan sandar babbar farfela da ta wutsiya. A jiragen Rasha irin Mi-17 da Mi-35, zoben da ke nan yana kai wuta ga wayoyin da ke ɗumama fukafukan farfela don kada ƙanƙara ta daskare a kansu, da kuma ƙananan fitilun da ke bakin fukafukan. An ƙera su ne da sanyin Rasha a zuciya. A sararin Zamfara ba kasafai ake buƙatar narkar da ƙanƙara ba, amma zoben yana nan yana juyawa yana cinyewa, kuma dole a duba shi bisa ƙa'ida.

Wuri na biyu shi ne injinan samar da wuta. Ƙananan jirage da matsakaita da yawa suna amfani da na'ura guda wadda ita ce ke tayar da inji, sannan ta koma janareta. Tana da burushin kabon da ake aunawa a sauya bayan adadin sa'o'in tashi da kamfani ya ƙayyade.

Wuri na uku shi ne wanda ya fi shafar mutumin Bukkuyum: ƙwallon kyamarar da ke hancin jirgi. A cikinsa akwai kyamarar rana, da ta dare mai ganin zafin jiki, da hasken lesa na auna nisa da nuna inda makami zai sauka. T-129 yana ɗauke da na kamfanin Aselsan na Turkiyya, AH-1Z kuma na Lockheed Martin. Irin waɗannan ƙwallaye, musamman masu iya zagayawa ba iyaka, ta mahaɗa mai juyawa suke karɓar wuta, ta nan kuma hoton da suka ɗauka yake bi ya isa allon da ke gaban matuƙi. A ƙaramin wuri ake cusa zobba masu yawa, kowanne da aikinsa.

Abubuwan da ke cin zoben

Na farko shi ne yawan juyi. Babbar farfelar Mi-17 tana juyawa kimanin sau 190 a minti ɗaya, wato sama da sau dubu 11 a sa'a. Kafin jirgin ya cika sa'a 100 a sama, burushin ya goge zoben fiye da sau miliyan ɗaya. Farfelar wutsiya kuwa ta ninka wannan gudu fiye da sau biyar.

Na biyu jijjiga. Jirgi mai saukar ungulu ba ya rabuwa da ita. Idan burushi ya ɗaga daga kan zobe ko da na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai tartsatsi ya tashi ya bar tabo a kan ƙarfen. Tabon ya sa burushi ya ƙara tsalle, tsallen ya ƙara tabo. Wayar ɗumama farfela ba za ta damu da irin wannan yankewa ba. Hoton bidiyo kuwa sai ya tsaya, ko ya wargaje, ko ya ɗauke.

Na uku datti daga cikin jirgin kansa. Kabon yana zubar da gari yayin da yake cinyewa. Idan garin ya haɗu da tururin man giyabos sai ya zama baƙin kwaɓi mai ɗaukar wuta, wanda ke iya haɗa zobba biyu da bai kamata su haɗu ba.

Na huɗu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ga kuma wadda jirgin da kansa ke tayarwa duk lokacin da ya sauka a fili. Don a gane yawanta, a tuna abin da ya faru a Kabba ta jihar Kogi ranar 2 ga Fabrairun 2019, lokacin da jirgin da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci, Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka. Masu bincike sun gano cewa ƙurar da farfela ta tayar ce ta rufe wa matuƙan gani. Duk mutanen da ke ciki sun tsira. Ƙurar da ke iya makantar da matuƙi tana kuma neman kowace 'yar kafa ta shiga, kuma idan ta shiga tsakanin burushi da zobe aikin sanfefa take yi.

Na biyar shi ne wanda ba a cika sani ba: bushewar iska. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an lura cewa burushin janaretocin jiragen da ke tashi can sama sosai yana ƙarewa cikin 'yan sa'o'i. Bincike ya nuna cewa santsin kabon ya dogara ne a kan ɗan danshin da ke cikin iska. Idan danshi ya yi ƙaranci ƙwarai, kabon ya daina zamewa, sai ya riƙa zuba kamar gari. Daga nan aka fara haɗa shi da wasu sinadarai don magance hakan. Da tsakar hunturu, iskar da ke fasa leɓe da dunduniya a Anka tana cikin mafi bushewa da ake samu a Najeriya. Bayan 'yan watanni kuma damina ta zo da laima da tsatsa. Kayan da aka gwada a wani yanayi daban suna fuskantar waɗannan biyun a shekara guda.

Abin da ya fi wahalar da kanikawa shi ne irin wannan lalacewa ba ta tsayawa a kama ta. Matuƙi ya dawo ya ce hoto ya ɗauke a sama. A gwada a ƙasa, inda babu jijjiga, a ga komai lafiya. Sai a shiga sauya kayan da ba su da laifi, jirgi yana zaune, kwanaki na wucewa.

Darasi daga hamadar Iran

Ƙasar da ta fi kowa kuɗin soja ma ta taɓa ɗanɗana wannan. Ranar 24 ga Afrilun 1980 Amurka ta tura jirage masu saukar ungulu guda takwas domin ceto 'yan ƙasarta da ake tsare da su a Tehran. An tsara cewa sai da aƙalla shida aikin zai yiwu.

Ɗaya ya sauka a hanya saboda na'ura ta nuna alamar matsala a farfela, aka bar shi a nan. Na biyu ya shiga guguwar ƙura, na'urorin da ke nuna masa hanya suka rikice, ya juya. Na uku ya isa mahaɗa da matsalar man da ke motsa sassan tuƙi. Saura biyar. Aka soke aikin. Wajen janyewa wani jirgin ya yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji takwas suka mutu.

Babu harsashin abokin gaba ko ɗaya da ya taɓa waɗannan jirage. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Har a 'yan shekarun nan Amurka na fama da irin wannan a jirginta V-22, mai injina biyu da ke karkatawa daga tsaye zuwa kwance. Kamfanin Bell ya ce kimanin kashi 60 cikin 100 na lokacin da kanikawa ke ɓatawa a kan jirgin yana tafiya ne a gidajen injinan nan, abin da ya sa aka sake fasalin wayoyin wutarsu baki ɗaya.

Idon jirgi da rayukan fararen hula

A yammacin Zamfara ɗan bindiga babur yake hawa. Ɗan sa-kai ma babur, ga bindiga a kafaɗa. Askarawan Zamfara da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a farkon 2024 su ma haka. Manomin da ke gudun hari, da ɗan kasuwar da ke dawowa daga cin kasuwa, duk a kan babur suke. Daga nisan kilomita da dama a sama, abin da ke bambanta su kaɗan ne.

Jihar ta ga abin da kuskure ke jawowa. A watan Disamban 2022 mazauna Mutumji da ke ƙaramar hukumar Maru sun ce harin sama ya kashe mutum sama da 60. A watan Janairun 2025 an kashe aƙalla mutum 16 a Tungar Kara, cikinsu har da 'yan sa-kai da suka fito tunkarar mahara.

Irin waɗannan kurakurai suna da tushe da yawa: bayanan sirri marasa inganci, rashin magana tsakanin na sama da na ƙasa, gaggawar yanke hukunci. Gyaran zobe ba zai magance waɗannan ba, kuma ba zai ɗauke wa kowa alhakin bincike da biyan diyya ba. Sai dai duk ƙa'idar da aka gindaya wa matuƙi cewa kada ya yi harbi sai ya tabbatar, ta ginu ne a kan zaton cewa hoton da ke gabansa tsayayye ne. Idan hoton yana yankewa, zaɓi biyu ya rage masa: ya koma ba tare da ya taimaki ƙauyen da ake kai wa hari ba, ko ya yi harbi bisa zato. Kowanne daga ciki mutanen ƙasa ne ke biyan kuɗinsa.

Yadda ake inganta shi a duniya

Hanya ta farko ita ce sauya burushin. Maimakon dunƙulen kabon guda, sai a yi amfani da damin siraran wayoyi kamar bakin tsintsiya. Idan jijjiga ta ɗaga wasu, wasu suna nan a manne. Ba ya buƙatar dannawa da ƙarfi, ba ya zubar da gari da yawa, ba ya buƙatar mai. Kamfanin Moog na Amurka yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan fasaha.

Ta biyu ita ce ƙarfen da ake shafa wa zoben. Inda ake wuce da saƙo mai rauni, zinare ake sawa, domin ba ya tsatsa. Ma'adinin da ake haƙa a Bagega, wanda rikicinsa ya sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, irinsa ne ake shafawa siriri a cikin idon jirgin da ake turawa yankin.

Ta uku ita ce a raba hoto da gogayya gaba ɗaya. Ana tura bidiyon a matsayin haske ta cikin zaren gilashi, a mahaɗar kuma hasken ya tsallaka daga ɓangare mai juyawa zuwa maras juyawa ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Ita ma wutar ana iya tsallakar da ita ta ƙarfin maganaɗisu, kamar yadda ake cajin wasu wayoyin hannu ba tare da an soka musu igiya ba. Janaretocin jirage na zamani da yawa sun daina amfani da burushi. Waɗannan hanyoyi suna da tsada, suna ƙara nauyi a wasu lokuta, kuma ba a ɗora su a kan tsohon jirgi sai da amincewar wanda ya ƙera shi.

Ta huɗu ita ce sa ido kafin abu ya lalace. Bayan hatsarin jirgin Chinook da ya kashe mutum 45 a kusa da tsibiran Shetland na Birtaniya a watan Nuwamban 1986, masu jigilar ma'aikatan mai a tekun suka fara sanya na'urorin da ke naɗar jijjiga da lafiyar sassan jirgi a kowane tashi. Da irin wannan bayani ana sauya abu lokacin da ya fara nuna gajiya, kafin ya mutu a sama.

Matsalar kayan gyara daga ƙasashe huɗu

Jiragen Najeriya sun fito daga Rasha, Italiya, Turkiyya da Amurka. Zoben wannan ba ya shiga wancan. Kowane iri yana da littafinsa, da kayan aunawarsa, da horon kanikawansa, da siyasarsa.

Tun bayan da Rasha ta mamaye Ukraine a watan Fabrairun 2022, takunkuman da aka ƙaƙaba wa bankunanta da kamfanoninta na makamai sun sa biyan kuɗi da jigilar kayan gyara sun yi wuya ga duk ƙasar da ke amfani da jiragenta. T-129 na Turkiyya ne, amma injinsa yana buƙatar izinin Amurka kafin a fitar da shi, kuma wannan izini ne ya tsayar da cinikin guda 30 da Pakistan ta ƙulla a 2018. Ita kanta Turkiyya ta ga haka a 2020, lokacin da Kanada ta dakatar da sayar mata da ƙwallayen kyamarar da take sawa a jiragenta marasa matuƙi, sai da ta koma ga na gida.

Ƙasar da ba ta iya buɗe ƙwallon kyamara ta gyara mahaɗarsa, dole ta cire shi ta tura waje. Idan ba ta da wani a ajiye, jirgin ya zama makaho har sai ya dawo.

Abin da za a iya yi a gida

Ba sai Najeriya ta ƙera jirgi kafin ta rage wannan matsala ba. Rundunar ta riga ta nuna za a iya. Ta yi haɗin gwiwa da kamfanin Innoson wajen samar da kayan birkin Alpha Jet, ta kuma yi babban garambawul ga jirgin dakon kaya C-130 a Ikeja maimakon tura shi waje. Akwai Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama a Kaduna, akwai kamfanin ƙera kayan yaƙi na DICON da aka kafa a 1964, wanda aka sabunta dokarsa a 2023.

Mataki mafi sauƙi shi ne rubuta tarihin kowace lalacewa: wane abu ne, bayan sa'a nawa, a wane wata, a wane sansani. Idan bayanan suka nuna burushi na saurin ƙarewa da hunturu, sai a matso da lokacin dubawa a waɗannan watanni, a kuma kai wa kamfanin hujja a nemi irin da ya dace da yanayin.

Na biyu shi ne abin da ake rubutawa a kwangila. Cinikin AH-1Z ya ƙunshi injina 28, wato 24 a jiki da huɗu na ajiya. Irin wannan tanadi ya kamata ya sauko har kan ƙwallayen kyamara, da zobba, da na'urorin gwaji, da izinin gyara a cikin gida.

Na uku shi ne kusanto da gyara inda ake yaƙin. Rundunar tana da sansani a Gusau da Katsina. Rumfa mai rufi da ke tare ƙura, da ɗaki mai tsabta na buɗe kayan lantarki, da benci mai jijjiga da zai fito da laifin da ke ɓuya a ƙasa, duka kuɗinsu bai kai na jirgi ɗaya ba.

Na huɗu shi ne riƙe ƙwararru. Ana ɗaukar shekaru kafin a samu makanikin lantarkin jirgi da ya goge, kuma kamfanonin jiragen farar hula a shirye suke su ɗauke shi.

Akwai kuma aikin 'yan majalisa. Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna cikin mazaɓar sanatan Zamfara ta Yamma, suna kuma da wakilai a Majalisar Wakilai. Idan an zo kare kasafin kuɗin tsaro, ko da a zaman sirri ne, akwai tambayoyin da suka fi ta yawan jiragen da za a saya amfani ga mutanensu. Kashi nawa na jiragen da aka ware wa Arewa maso Yamma ne ke iya tashi a kowace rana? Guda nawa ne kyamarar darensu ke aiki? Kwana nawa jirgi ke yi a ƙasa yana jiran kaya? Nawa aka ware wa gyara, nawa aka saki?

Jirgi shi kaɗai ba zai kawo ƙarshen rikicin da ke da tushe a talauci, da rashin adalci, da safarar makamai, da rigimar filaye da ma'adinai ba. Alpha Jet ɗin da 'yan bindiga suka harbo a watan Yulin 2021 a kan iyakar Zamfara da Kaduna ya nuna cewa sama ma ba mafaka ba ce. Amma tun da an riga an biya kuɗin jiragen daga aljihun jama'a, mafi ƙarancin abin da mutumin Gwashi ko Bagega zai nema shi ne, ranar da aka buga waya da tsakar dare, a samu wanda zai tashi, kuma idan ya iso ya iya bambance mahari da mai gudun ceton ransa.